Manazarci da Masoyin Labari: Tarihin Hanyoyi Biyu na Karanta Adabin Hausa

Gabatarwa

A shekarar 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga wannan gasa ne aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. A kusan lokacin kuma aka buga Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Yau fiye da shekara casa'in ke nan, waɗannan littattafai sun zama ginshiƙan zube na Hausa, watau su ne ake fara ɗora wa ɗalibi, su ne kuma ake auna na baya da su.

Mutum biyu sun san Malam Zurƙe ɗan Muhamman, abokin karawar Alhaji Imam a cikin Ruwan Bagaja. Na farko ɗalibin jami'a ne wanda aka nema ya bayyana tushen labarin da salonsa a takardar jarrabawa. Na biyu manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Makoda, a arewacin Kano, wanda ya ji ana karanta littafin a zaure yana yaro, har yau kuma in ya ga mai wayon tsiya a kasuwa sai ya kira shi Zurƙe. Dukansu sun san labarin, amma abin da kowanne ke nema a cikinsa dabam ne. Manufar wannan lacca ita ce ta bi tarihin waɗannan hanyoyi biyu a ƙasar Hausa, ta nuna inda suka faro da inda suka yi karo, sa'an nan ta fayyace abin da ya raba su. Maganar ta shafi ɗalibai domin su ne malaman gobe, ta kuma shafi ma'aikata domin a ofisoshinsu ake zaɓen littafin da za a karanta a makaranta da wanda za a hana.

Sharhi da Tahmisi

Tun kafin zuwan boko malaman ƙasar Hausa suna da hanyoyi biyu na hidimta wa littafin da suke girmamawa. Hanya ta farko ita ce sharhi. Mai sharhi yakan ɗauki matani kalma-kalma, ya warware lugga, ya bayyana nahawu, ya kawo abin da magabata suka ce, amma ba ya taɓa matanin kansa. Shi ya sa a tsofaffin takardu ake ganin matani a tsakiya da manyan baƙaƙe, bayanin malamai kuwa a gefe da ƙanana. Idon almajiri ma ya san wane ne mai gida, wane ne baƙo.

Hanya ta biyu ita ce tahmisi. Mai tahmisi yakan ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, ya ɗora masa ɗango uku nasa a gaba, baitin ya koma mai ƙwar biyar. Dole ya bi karin waƙar ta asali, dole amsa-amonsa ya dace da na ɗangon farko na mai waƙar, dole kuma ma'anar da ya ƙara ta gangara ta haɗu da ta asali ba tare da an ga ɗinki ba. Ishiriniyar da ake rerawa a lokacin Mauludi a birni da ƙauye misali ce babba: asalinta na Alfazazi ne, mutumin Andalus wanda ya rasu a 1230, amma yadda ake karanta ta a ƙasar nan a haɗe take da tahmisin Ibn Muhibu. Da yawa daga masu rera ta ba su rarrabe ɗangon wannan da na wancan. Haka kuma Tabbat Haƙiƙa: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta mai da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahmisi. Hannu uku ke cikin waƙar da jama'a ke ɗauka aikin mutum guda.

Mai sharhi dai yana tsaye a waje yana bayani, mai tahmisi kuwa ya shiga cikin ɗakin yana ƙara gini. Al'ummar da ta san waɗannan biyun ba ta ɗauki na biyun ɓarawo ba, domin tahmisi shaida ce ta ƙauna, kuma yana da ƙa'idojinsa masu tsanani.

A cikin gidaje akwai wata makaranta wadda ta fi wannan sakewa, watau tatsuniya. Babu wata takarda da ta ƙayyade abin da Gizo zai yi. Kowace tsohuwa tana iya saƙa masa sabuwar ɓarna, ta haɗa shi da kura yau, gobe da 'yar sarki. Duk da haka akwai iyaka. In mai ba da tatsuniya ta mai da Gizo mai gaskiya da riƙon amana, ko ta mai da Ƙoƙi mai haɗama, yara da kansu za su ce ba haka ba ne. Abin da ake karewa a nan shi ne halin tauraro. Kalmomi kuwa kowa da nasa. Ko da Frank Edgar ya buga tarin tatsuniyoyinsa tsakanin 1911 da 1913, abin da ya kama shi ne yadda wasu mutane suka faɗe su a wata rana, tatsuniyoyin kansu kuwa suka ci gaba da tafiyarsu.

Abubakar Imam, Makaranci Kafin Marubuci

Wanda ya fi kowa suna a cikin marubutan farko shi kansa ɗan wannan al'ada ne. An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911, ya rasu a 1981. Ya taso da karatun Larabci kafin na boko, kuma zubin Ruwan Bagaja, inda mutum biyu masu wayo ke haɗuwa gari-gari kowa na neman kā da ɗan'uwansa, ya yi kama ƙwarai da na Maƙamatul Hariri wadda malaman zaure suka daɗe suna karantarwa. Hariri ma, wanda ya rasu a 1122, tafarkin Hamazani ya bi.

Magana Jari Ce, wanda ya fito juzu'i uku tsakanin 1937 da 1939, ya fi fito da wannan hali sarari. East ya tara wa Imam littattafan labarai na ƙasashe dabam-dabam, na Larabawa da na Indiya da na Turai, irin su Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin da 'yan'uwan Grimm suka tattara a Jamus. Ko dabarar aku mai tsare mutum da labari don kada ya fita, an san ta a tsofaffin littattafan Indiya da Farisa. Imam ya karanta, ya tuɓe wa labaran tufafinsu, ya sa musu rawani da babbar riga, ya zaunar da su a fada da kasuwa da bakin rijiya, har Bahaushe ya rantse a garinsu abin ya faru. Ke nan littafin da makarantu suka ɗauka ma'auni, wanda ba a yarda a taɓa ko wasali ɗaya nasa ba, ya samu ne daga aikin makarancin da bai ji tsoron shiga labarin wasu ya gyara shi yadda zai yi wa mutanensa daɗi ba.

Littafi Ya Isa Karkara

Ƙasar Makoda tana cikin yankin nan da ke kewaye da birnin Kano wanda ya yi suna wajen yawan jama'a, inda gona ke manne da gona, ƙauye na hango ƙauye, ana noma ƙasa kowace shekara da taimakon taki. Tana maƙwabtaka da Dambatta, hedikwatar ƙaramar hukumarta kuwa Koguna. A irin wannan wuri littafi bai iso ta kantin sayar da littattafai ba. Ya iso ne ta jakar malamin firamare, da ta ajin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, da ta jaridu. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939, Imam ne editanta na Hausa. Hukumar NORLA kuma, wadda ta yi aiki a shekarun 1950, ta riƙa buga jaridun larduna, ta Kano ita ce Sodangi.

Masu iya karatun boko kaɗan ne a lokacin, saboda haka kwafi ɗaya yakan ciyar da unguwa. Da rani, bayan an kai amfani gida, mutum ɗaya ya karanta, saura su saurara. Mai karatu a zaure ba ya tafiya santala. Ana tsai da shi a yi dariya, a maimaita wani wuri, a yi musu a kan ko Waziri Aku ya kyauta ko bai kyauta ba. Wanda ya ji yakan kai labarin gona ko majalisa, ya rage abin da ya manta, ya ƙara abin da ya ga ya kamata. Ta haka littafin da aka buga a Zariya ya koma bakin mutane, ya shiga sahun Gizo da Ƙoƙi, aka kuma yi masa irin hukuncin da ake yi wa tatsuniya: ba a damu da kalma ba muddin Zurƙe ya ci gaba da zama Zurƙe.

Rediyo ya faɗaɗa wannan zaure. Karanta littattafan Hausa a gidajen rediyon Kaduna da Kano ya kai labari ga matan kulle da makiyaya da waɗanda ba su taɓa shiga aji ba. Wasan kwaikwayo ma ya sa hannu: Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mai da Shehu Umar wasa, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sai da ya ƙara abin da Tafawa Ɓalewa bai rubuta ba, domin mai wasa dole ya san irin rigar da tauraro ya sa da yadda ya ɗaga murya, ko da littafi ya yi shiru a kai.

Kafuwar Nazari a Jami'a

Hanya ta ɗaya, wadda ta gaji mai sharhi, ta sami sabon gida bayan samun mulkin kai. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano tana ƙarƙashinta har ta zama Jami'ar Bayero a 1977. A Kano aka kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya, mai fitar da mujallar Harsunan Nijeriya. A shekarar 1975 kaɗai an ga ayyuka uku da suka nuna alƙiblar fannin: Mervyn Hiskett ya buga tarihin rubutattun waƙoƙin addini na Hausa, M. K. M. Galadanci ya yi bayanin dangantakar karin waƙar Hausa da arulin Larabci, Ɗandatti Abdulƙadir kuma ya kammala digirinsa na uku a Indiyana ta Amurka a kan Mamman Shata. Ɗalhatu Muhammad a Zariya da Abdulƙadir Ɗangambo a Kano sun yi aikin samar da kalmomin fannu da Hausa, har jigo da salo da zubi da tsari da amsa-amo suka zama abincin kowane ɗalibi. A 1988 Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Hausa a Rubuce, wanda ya jera tarihin rubuce-rubucen tun daga ajami.

Wannan makaranta ta zo da sharuɗɗanta. Matani a tsaye yake, da sunan mai shi da shekarar bugu. Duk abin da manazarci ya faɗa dole ya nuna shafin da ya samo shi. Tauraro kuwa ba mutum ba ne, gini ne na kalmomi wanda marubuci ya yi don wata manufa. Amfanin waɗannan sharuɗɗa ba ƙarami ba ne. Da su aka gano tushen labaran Imam, aka rarrabe ɗangon Isa da na Asma'u, aka kuma nuna wa masu raina harshen cewa Hausa tana da adabin da ya isa a yi digiri a kansa. Sai dai makarantar ta fi sakin jiki da marubutan da suka riga suka shahara da littattafan da kamfani ya tace, musamman na Kamfanin NNPC na Zariya wanda aka kafa a 1966. Ba ta shirya wa abin da ke tafe ba.

Littattafan Soyayya da Muhawarar da Suka Tayar

Shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa na 1976 ya cika azuzuwa, har a ƙauyuka, da yaran da suka fito suna iya karanta Hausa. Gasar NNPC ta fitar da littattafai uku a 1980: Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Dambatta. Amma tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, kamfanonin ɗab'i suka ja baya, aka bar dubban sababbin makaranta ba abin karantawa. Sai makarantan suka zama marubuta. Suka riƙa kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u na Kano, suna biya da kuɗinsu, suna sayarwa a kasuwa. Talatu Wada Ahmed da Rabin Raina tana cikin na farko-farko. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987 da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990. Aka kafa ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama da Kukan Kurciya.

Yadda ake buga waɗannan littattafai ya sauya dangantakar marubuci da makaranci. Labari yakan fito kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, kuma kuɗin na ɗaya ne ke buga na biyu. Marubuci yana sa adireshinsa a bango, wasiƙu suna zuwa, wasu ma ana buga su a cikin littafi na gaba. Tsakanin kashi da kashi makaranci yana da damar ya ce kada a kashe wance, ko lalle wane ya ga sakayya. Masu ba da hayar littafi sun kai su unguwanni da garuruwan karkara, inda 'yan mata ke karɓa-karɓa har bango ya yage. Lokacin da Sumayya ta In Da So Da Ƙauna ta faɗa rijiya saboda an raba ta da Muhammad, masu karatu sun yi ta magana a kanta kamar 'yar maƙwabta, wasu na tausayi, wasu na cewa ta koya wa yara mugun abu. Wanda bai gamsu da ƙarshen wani labari ba kuwa yakan ɗauki alƙalami ya rubuta nasa, da irin taurarin da irin matsalar, ya ba su ƙarshen da ransa ya so.

Jami'a ta mai da martani. A 1994 Ibrahim Malumfashi ya yi rubutu a jaridar Nasiha inda ya kira wannan yayi Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta shi da na kasuwar Onica. A ganinsa littattafan sun cika kwaikwayon finafinan Indiya, ba su da zurfin jigo, ba a kuma tace su ba. A ƙarshen shekarun 1990 muhawarar ta koma shafukan jaridar New Nigerian, inda Ibrahim Sheme ke kula da filin adabi, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suna cikin masu kare marubutan. Hujjar masu karewa ita ce littattafan sun sa matasa da mata karatu, sun kuma taɓo auren dole da kishi da ilmin 'ya mace, abubuwan da tsofaffin littattafai suka kauce wa. Wani mai nazarin al'umma, Brian Larkin, ya nuna a 1997 cewa abin da matasa ke nema a fim ɗin Indiya da littafin soyayya ɗaya ne, watau fagen da za su gwada tunaninsu a kan so da biyayya ga iyaye.

In an duba da kyau, ɓangarorin biyu ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Ɗaya yana tambayar yadda aka gina littafin, ɗayan yana tambayar abin da littafin ke yi wa mai karanta shi. Hukuma kuwa da ta shigo, ta shigo ne da tata tambayar. An kafa hukumar tace finafinai ta Jihar Kano a 2001, daga baya ta haɗa da marubuta, a 2007 kuma aka ƙona wasu littattafai a bainar jama'a a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Abin lura shi ne mai ƙona littafi ya fi kusa da masoyin labari a wajen karatu, domin shi ma ya ɗauki tauraruwa mutum ce mai rai wadda za a iya koyi da ita.

Misalai Daga Wasu Ƙasashe

Ba Hausawa kaɗai suka ga wannan ba. A Sifen, bayan Cervantes ya fitar da kashin farko na Don Quixote a 1605, wani da ya kira kansa Avellaneda ya buga nasa ci gaban a 1614. Cervantes ya fusata, ya fitar da kashi na biyu a 1615, ya kuma kashe tauraronsa a ƙarshe don kada wani ya sake tashinsa. A Ingila, Conan Doyle ya kashe ɗan binciken nan nasa Sherlock Holmes a 1893, masu karatu suka ƙi yarda, har ya dawo da shi da rai a 1903. A 1911 Ronald Knox ya gabatar da wata maƙala ta raha a Oxford inda ya bi labaran Holmes da irin dabarun da malaman Kirista ke bin littattafansu. Daga irin wannan wasa ne masoyan Holmes suka saba kiran gajerun labarai 56 da dogaye 4 na Doyle da sunan da ake kiran tabbatattun littattafan addini, don a bambanta su da abin da wasu suka ɗora. A Amurka kuma masoyan wasan talabijin na Star Trek sun fara buga mujallarsu ta labaran ɗori a 1967.

Akwai wani misali a labaran Holmes da ya isa a tsaya a kansa. A littafi na farko an ce abokinsa Dokta Watson ya sami rauni a kafaɗa a yaƙin Afganistan, a na biyu kuwa sai ga raunin a ƙafa. Manazarci zai ce marubuci ya manta, ya kuma ɗauki wannan shaida a kan yadda Doyle ke rubutu da gaggawa. Masoyi ba zai karɓi wannan ba, domin a wurinsa Watson mutum ne, mutum kuwa ba ya manta inda harsashi ya same shi. Sai ya nemo dalili daga cikin labarin: ko an harbe shi sau biyu, ko harsashi ɗaya ya ratsa wuri biyu.

Inda Hanyoyin Suka Rabu

Daga wannan tarihi ana iya fitar da bambance-bambance huɗu. Na farko shi ne matsayin tauraro. Ga manazarci, Malam Zurƙe dabara ce: Imam yana bukatar abokin karawa don tafiyar neman ruwan ta yi armashi. Ga masoyi, Zurƙe yana da ƙuruciya da iyali da abin da yake yi sa'ad da ba a ganinsa.

Na biyu shi ne giɓi. Ruwan Bagaja daga bakin Alhaji Imam ake jin sa, saboda haka duk abin da aka sani game da Zurƙe ta bakin abokin hamayyarsa ya biyo. Manazarci zai lura da wannan, ya ce mai ba da labari yana iya son kansa, ya tsaya nan domin shafi bai ba shi ƙari ba. Masoyi kuwa nan ne aikinsa ya fara: yaya labarin zai kasance in Zurƙe ne ya faɗe shi? Haka kuma mahaifiyar Shehu Umar, wadda ta bar gida neman ɗanta ta faɗa bauta. Manazarci yana ganin ta hanyar da marubuci ya bi ya nuna muguntar cinikin bayi, masoyi kuwa yana son ya san abin da ke ranta dare da rana a kan hanyar Sahara.

Na uku shi ne hujja. Manazarci yana kafa hujja da shafi da tarihi da kwatance, kuma yana iya yabon littafin da bai ji daɗinsa ba. Masoyi yana kafa hujja da hali: wance ba za ta taɓa yin haka ba. Wannan ma ilmi ne, sau da yawa ma masoyi ya fi ɗalibi haddace abin da ya faru a labari, amma ma'auninsa yarda ce ta jama'ar masu karatu, kamar dai yaran da ke gyara wa mai tatsuniya.

Na huɗu shi ne abin da ake samu a ƙarshe. Aikin manazarci yana ƙarewa da bayani a kan littafi, na masoyi yana ƙarewa da wani sabon labari. Na farko yana tsare abin da aka gada don kada ya gurɓace, na biyu yana hana shi mutuwa a kan kanta.

Kowace hanya tana da ramin da take faɗawa. Masoyi yana iya manta iyakar abin da aka rubuta da abin da ya ƙara, har ya jingina wa marubuci maganar da bai yi ba, ko ya tilasta masa ƙarshe mai daɗi inda gaskiyar labari ke neman mai ɗaci. Yana kuma iya wuce ɗori ya kai ga kwashe aikin wani ya sa sunansa, abin da mai tahmisi bai taɓa yi ba, domin shi kullum yana ambaton mai waƙa. Manazarci kuwa yana iya feɗe littafi har ya manta dalilin da ya sa mutane suka so shi, ya fitar da ɗalibai masu iya lissafa jigo da salo waɗanda ba su taɓa karanta littafi don daɗi ba.

Kammalawa

Lokaci ya sassauta muhawarar shekarun 1990. Littattafan da aka yi wa kallon kayan kasuwa sun shiga kundayen digiri a Kano da Zariya da Sakkwato, an fassara Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Turanci an buga shi a Indiya a 2012, Sashen Hausa na BBC kuma ya fara gasar Hikayata ta mata marubuta a 2016. Wayar hannu ta karɓi aikin mai hayar littafi, labari yana isa Makoda a ranar da aka rubuta shi, martanin masu karatu kuma yana komawa ga marubuciya kafin ta fara babi na gaba.

Abin da ya rage shi ne aikin malami da na ma'aikaci. Yaron da ya zo aji daga ƙauye ya riga ya iya karatun masoyi, a gida ya koyo shi. Malamin da ya fara da kushe wannan karatu ya rufe ƙofar da zai shiga. Ya fi kyau ya sa ɗalibai su rubuta labarin Zurƙe daga bakin Zurƙe, sa'an nan ya ce su ja layi a ƙarƙashin abin da Imam ya faɗa, su ware shi daga abin da suka ƙara. Wanda ya iya jan wannan layi ya kama hanyar nazari. Ma'aikacin da ke zaɓen littafin manhaja ko tace shi kuma ya kamata ya tuna cewa Magana Jari Ce ma da aro aka gina shi, kuma ba a san littafin da zai zama ginshiƙi tun ranar fitowarsa. Magabata sun bar wa sharhi gefen takarda, sun bar wa tahmisi cikin baiti, ba su kori ko ɗaya ba, abin da suka nema kawai shi ne a san ɗangon mai waƙa, a san na mai ƙari.